Fayil Mai Lamba Tara

Ni masinja ne a ƙaramar hukuma, nan Jos.
Shekara shida ina yawo da fayil ɗaya,
a cikinsa doka ta ce:
ku tsare rafi,
ku tsare duk mai numfashi a bakinsa.

Kansila Davou ya sa hannu.
Ciyaman ya ce sai bayan zaɓe.

Kafin nan Dilimi ya sha leda ya ƙoshi,
zalɓen da ke tsayuwa da ƙafa ɗaya
a ƙasan Gangare
ya gaji da jiranmu.
Kwaɗi ma, duk surutunsu, sun yi gum.

Jiya na buɗe kabad,
gara ta cinye sashe na huɗu, har da hatimi.
Na mayar da ƙofar a hankali.
Ko ba komai,
ga halitta guda da muka ciyar.