Injin Niƙa a Rikoto

Tun zakaran gidan Baba Gomo bai gama shawara ba,
na ɗaura zane, na ja igiyar inji.
Ja na farko, ya yi tari.
Na biyu, ya yi gardama.
A na uku ya kama,
rabin Zuru ta san Keziya ta tashi.

Robobi sun jeru kamar masu jiran allura:
dawar Asabe, waken ƙosan Maman Yunana,
tattasai mai sa ni kukan da ba nawa ba.
Kowa sauri yake yi,
kowa "rubuta, sai ranar kasuwa."
Littafin bashi ya fi ni ƙiba.

Mai ya sake tashi.
Bel ya tsinke, na ɗinke shi da waya.
Makaranta ta koro Istifanus da takarda a aljihu.
Gonarmu ta hanyar Ribah kuwa,
damina biyu ke nan muna gaishe ta daga nesa,
ciyawa na cin ƙasa, mu muna awo a mudu.

Da dare, in na kashe na waje,
sai wani injin ya tashi a ƙirjina.
Shi ba ruwansa da mai.
Ya niƙa lissafi, ya niƙa da-na-sani,
ya niƙa gobe tun ba ta nuna ba,
har asuba, ba garin kunu ko cokali ɗaya.

Ran wata Talata, rana tsaka,
inji ya yi ƙara ɗaya ya mutu a hannuna.
Mata suka kwashe robobinsu, suka nufi bakin tasha.
Na zauna a kan jarka,
gari a gira, gari a leɓe,
kunnena na ta ƙugi don bai saba da shiru ba.

Mutum ɗaya ce ba ta tafi ba,
Kaka Saraya ta zumuntar mata,
da ɗan geronta a ƙwarya.
Ta ce, "Ni ba inda nake sauri."
Ta zauna kusa da ni, ta miƙe ƙafa.
Can ta ce, "Kin tuna daren nan na jirgi,
ruwa na shiga, maza na ihu,
Shi kuwa kansa na bisa matashi?
Kin ɗauka bai damu ba ne?
Ya san hannun da ke riƙe da ruwan."

Ni ban taɓa shiga kwalekwale ba,
ko Yawuri ban taɓa takawa ba,
amma na san yadda ruwa ke kai wa mutum wuya
a kan busasshiyar ƙasa.

Ban iya doguwar addu'a irin ta fasto ba.
Na sunkuya, na ce, "Yesu, na gaji."
Shi ke nan.
Ban ji murya ba, sama ba ta motsa ba.
Sai dai kafaɗuna suka sauko
daga inda suka maƙale tun bara,
na ji kukan kurciya a kan mangwaro.
Ashe kullum tana nan.

Bakanike ya zo, ya ci dubu bakwai.
Takardar makaranta na nan ƙarƙashin tabarma.
Asabe har yau ba ta biya ba.
Wani daren, injin ƙirjin nan yakan yi tari,
sai in ce masa, "Mai jirgin yana ciki,"
in juya, in ja mayafi.

Yanzu da asuba, kafin in kama igiya,
nakan ɗora tafin hannu a kan ƙarfe mai sanyi,
in ɗan tsaya.
Salamar ba ta da yawa, ba ta cika mudu ba,
amma takan kai ni yamma.

Sa'an nan in ja.
Kaka Saraya ce farkon layi,
ita ba na rubuta ta.