Aron Kwana Biyu

A Lefke, inda lemo ke faɗuwa ba mai tsinta,
kakana Hulusi ya yi shekara talatin a rami.
Ya shiga da baƙin gashi, ya fito da tari.
Abin da ya haƙo, jirgin ruwa ya kwashe.
Abin da ya tsira da shi tukunya ce ɗaya ta jan ƙarfe,
ita ma ba ta kwana a gidanmu.

Ranar da aka raba tsibirin nan da waya
tukunyar na gidan Polidoros, abokin raminsa.
Matarsa ce ta ara, za ta dafa alkamar tuna mamaci.
Aro ne na kwana biyu.
Kwana biyun suka haihu, 'ya'yan suka yi gemu.

Ni Sidika, jan wayar lantarki ne abincina.
Kullum in na fere roba sai jan nan ya leƙo,
mai sanyin hali, a lanƙwasa shi bai karye ba,
a ja shi ya miƙe kamar zare a mazari,
ya ɗauki wuta daga wannan ɗaki ya kai wancan
bai tambayi sunan mai ɗakin ba.

Kakana kan ce, zinariya 'yar zaman akwati ce,
jan ƙarfe ɗan aike.
Ɗora shi a murhu, kafin ki waiwaya
zafin gindi ya kai baki.
In ya haɗu da kuza sai ya zama tagulla,
ya yi taurin kai, ya koyi amon ƙararrawa.
Shi ne dai cikin shuɗin dutsen nan
da muke jiƙawa da farar ƙasa mu fesa wa inabi.
Watsa burbushinsa a wuta, harshenta ya koma kore.

Na taɓa kawo masa labari daga makaranta:
wai Rumawa ƙarfen Ƙubrus suke ce masa,
har baki ya gaji, ya gutsire sunan,
guntun ne harsuna da yawa ke taunawa har yau.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
To madalla, sun ɗau ƙarfen, sun ɗau sunan,
mu an bar mu da tsaunin kashin maƙera!

Bara, ana tsinkar lemo, aka ƙwanƙwasa ƙofa.
Saurayi ne, harshensa ba namu ba,
da ƙunshin tsumma a hammata.
Neofitos, in ji shi, jikan Polidoros.
Kakarsa ta cika, wasiyyarta guda ce:
a mayar da aro.

Kore shar ta dawo,
kamar an tsamo ta daga gansakukar rijiya.
Na yanka lemon tsami, na dangwali gishiri, na kama guga.
Ja ya ɓullo, faɗin kwabo,
da sawun guduma a jere kamar ƙaya a bayan kifi.

Ido ya tafi, amma kunnen tsoho na nan.
Ya ce, dakata, 'yar nan.
Tsatsa kan ci baƙin ƙarfe har ƙashi,
wannan koren kuwa riga ce,
iska da raɓa suka ɗinka mata, ita ta tsare ta.
Ki goge ciki, a kira mai shafa kuza,
kada tsami ya taɓa ta mu sha guba.
Bayan, ki bar shi yadda ya zo.
Shekarun Polidoros ne.

Ya karɓe ta ya ɗora a cinya,
ya ƙwanƙwasa da farce,
ya saurara har amon ya mutu.
Bai ce komai ba. Tarin ma ya yi shiru.

Da cikin ya yi fari muka aika wa Neofitos.
Muka dafa alkama da rumman, ya ci, ya ƙara.
Da zai tafi na cika masa kwanonmu, na ɗaure a tsummansa.
Ya nuna kwanon, ya dube ni.
Daga kujera kakana ya ɗaga yatsu biyu:
Gaya masa aro ne.