Dare na Tara Tsakanin Safa da Marwa

Dare na tara ke nan rabona da barcin kirki.
Goman ƙarshe ta azumi, kasuwar keke ta buɗe,
mai turi da ya kwanta yanzu
Shawwal zai ba shi amsa a bakin tukunya.

Ina tura wata tsohuwa 'yar Indunusiya,
nauyinta bai kai rabin buhun shinkafa ba.
Tana jan carbi, ina jan ƙafa.
A Marwa ta ɗago yatsu tana tambaya: nawa?
Ni da nake ƙirga bakwai ɗin nan tun ban fara aske gemu ba,
sai na tsaya.
Uku ne? Biyar?
Lissafin ya fito daga wani ɗaki can cikin kaina,
ya kama hanyar bakina,
ya tarar an datse titi.

Dokta Tijjani, Basudanen asibitin unguwarmu,
ya taɓa zana mini abin a bayan takardar magani.
Ya ce kai gari ne, unguwa-unguwa:
nan masu gani, nan masu ajiya,
can ƙuryar yaron nan mai saurin tsorata da fushi,
a goshi kuma dattijon da ke ce masa, zauna.
Duk suna aiken juna dare da rana.
Ka ga masu wankin Harami? in ji shi.
Su kewaye wuri da igiya, su kau da mutane,
su kwara ruwa, su bi da gudu suna gogewa.
To barci ke nan.
In ba ka kauce ba, ta ina za a wanke?

Na yi dariya ranar.
Shekaranjiya ban yi ba.
Suwaiba ta yar da cokali a kan tire lokacin sahur,
cokali kawai,
na daka mata tsawar da ta fi ƙarfin shekarunta shida.
Dattijon goshi ya aiko a hana ni,
ɗan aiken ya iso bayan ta gama kuka.
Da hantsi kuma, a Shari'u Mansur,
na ga kyanwa tana lasar ɗanta ƙarƙashin motar burodi,
sai ga hawaye,
ni, ƙato, riƙe da leda.

Ɗazu tsakanin korayen fitilu
idona biyu, wallahi a buɗe,
amma wata unguwa ta kashe wutarta ba sallama.
Na ga marigayiya Inna tana tankaɗe a tsakar gida,
na ji ƙamshin daddawa a inda babu sai turare da zufa,
har tayar keke ta taɓa dugadugan wani Bature mai harami.
Ya waigo. Na nemi kalmar ban haƙuri
cikin harsuna huɗun da nake ciniki da su,
ko ɗaya ba ta amsa sallama ba.

Tsohuwa tana nan, yatsunta a sama.
Malamai sun ce mai shakka ya gina kan kaɗan.
Na nuna mata uku.
In biyar ne, ragowar biyun sadaka,
ƙafafuna za su biya bashin da kaina ya ci.

Da muka gama na miƙa wa Ukashatu keken,
ya ce, yanzu fa farashi ke tashi!
Na ce ya tashi.

A gida Suwaiba ba ta ce mini komai ba.
Ta jawo kujera, ta hau,
tana ta fama da bargo a kan taga
don kada rana ta shigo.
Na so in ce mata wani abu,
amma an riga an ja igiya,
na ji ruwa ya fara kwarara.