Wasiƙa a Cikin Molo

Venis, da hunturu, ruwa ya hau dakali.
Zuane makaɗi ya shigo da molo a hammata,
lut ɗin da maigidana Ambros ya sassaƙa
tun ina yaro mai hura wutar danƙo.
Ya ce, "Veit, zamani ya juya,
mawaƙan yanzu murya mai kauri suke so a bayansu.
Yanke masa wuya ka dasa dogo,
ya zama tiyorba kafin Ista."

Ban ce uffan ba. Kuɗin haya na jira.

Da dare na ɗumama wuƙa,
na bi gefen fuskarsa sannu-sannu
har ta ɗago.
Warin shekara arba'in ya fito:
ƙura, danƙon fata, gumin yatsun mutane.
Haƙarƙari goma sha uku, sirara kamar ɓawon albasa,
kowace gaɓa an liƙe ta da siririyar takarda.
Haka sana'ar take, duk takardar da ta samu,
tsohon lissafi, yagaggen littafin addu'a.

Na matso da kyandir.
Rubutuna ne.
Hannun yaro, baƙaƙe suna tuntuɓe:
"Inna, ƙafafuna sun warke daga hawan duwatsu,"
gaɓa ta gaba, "garin nan ba saniya ko ɗaya,"
ta gaba, "ki ce wa Afra ta ajiye mini"
sauran ya shige ƙarƙashin katako.

Ashe ba ta taɓa isa Fussen ba.
Soldo biyu na ba shi na ɗan aike, ya ce ta tafi.
Shekara uku ina leƙen hanya, ina cewa sun manta da ni.
Ita ma, na san, ta leƙa tata hanyar
har aka rufe mata ido.

Me Afra za ta ajiye mini?
Na tambayi kaina har kyandir ya mutu. Ban tuna ba.

In na ɓamɓare ta, haƙarƙari zai tsage.
Maganata ce ke riƙe da cikinsa
duk daren da ya yi kuka a ɗakunan attajirai.
Na mayar da fuska. Na ɗauki zarto.

Ana gobe Ista Zuane ya dawo.
Sabon wuyan ya fi ni tsawo,
hanjin tunkiya a miƙe, sabo fil.
Ya taɓa tsirkiyar ƙasa,
ta daɗe tana gurnani kafin ta yi shiru.
"Kai! Me ka sa a ciki?"
"Takarda ce," na ce.
"Dukat huɗu."