Abin da Ma'aunin Jini Bai Gani Ba

Yarinyar asibiti ta ɗaure mini dantse,
ta matsa 'yar robarta, ta dubi allura,
ta ce, "Baba, jinin ya sake hawa. Gishiri ne?"
Na ce a'a.
"Goro fa?" Na ce haƙoran ma sun yi ritaya.
"To, tunani?"
Na yi dariya kawai,
don in na fara ba ta amsa
layin nan zai kai bakin titi.

Shekara ashirin da bakwai na yi a masaƙar Kakuri,
inji na ruri sai dai ka karanci leɓen mutum.
Kullum roƙona Allah ya ba ni shiru.
Ga shi an auno mini, mudu cike, har da gyara.

Ladidi ta rasu damina biyu ke nan.
Turminta na kife a gindin gwanda,
ƙadangare kan hau ya gyaɗa mini kai,
ni ma in amsa masa,
kada a ce na tsufa na rasa ladabi.

Dogara, abokin aikina, abokin darata,
tun shekarar da gari ya yamutse
ya kwashi nasa ya ƙetare gada,
na kwashi nawa na hauro Rigasa.
Kogin Kaduna da a da muke tsallakawa a keke
yau ya fi mini Bahar Maliya faɗi.
An ce idonsa ya tafi.
An ce yana tambayata.

'Ya'ya? Allah ya yi musu albarka.
Sagir na Fatakwal, Nafisa na gidanta a Gusau.
Ƙarshen wata waya takan yi ƙara, kuɗi sun shigo.
Amma kuɗi ba sa cewa ina kwana,
ba sa cewa daure ka ƙara loma ɗaya.
Tuwon da yaron maƙwabta ke ajiyewa
yakan kwana a rufe.
Ba laifin miya ba ne;
hannu ɗaya a cikin kwano
shi ke kashe ɗanɗano.

Gwiwa ta raba ni da sahu, sai ranar Juma'a.
Barci ya zama baƙon kunya,
ya leƙo, ya ga ni kaɗai, ya juya.
Ina jin ƙirjina na dakan sakwara,
ina ƙirga haushin karnuka har assalatu.
Jiya ban sani ba,
sau biyu na sha maganin safe, ko ban sha ba sam?
Wa zan tambaya?
Ran Talata mai ruwa ya yi sallama,
na buɗe baki in amsa,
murya ta ƙi, kamar ƙyauren da ya yi tsatsa.
Sai na lissafa: kwana uku ban yi magana ba.

Yarinyar ta kama tsintsiyar hannuna,
yatsu biyu, tana duban agogo.
Rabon da ɗan Adam ya taɓa ni tun gaisuwar Sallah.
Saura ƙiris in ce, 'yata, kin yi kuskure, sake ƙirgawa.

Ta rubuta: fari da safe, ja da dare, bayan abinci.
Na ninke takardar, na tura cikin hula.

A bakin ƙofa mai Keke Napep ya ce,
"Rigasa za a koma, Baba?"
Na tsaya, sanda na rawa.
Na ce, "Ka san Unguwar Romi?"
Ya ce da nisa, kuɗin da yawa.
Na ce muje.

In na same shi, zan tona gurabe a ƙasa,
in riƙa gaya masa inda na sa nawa,
in kama hannunsa in kai shi kan nasa.
Ba kuma zan cuce shi ba,
sai ɗan kaɗan,
yadda zai yi mini faɗa irin na da.