Bikin Su a Pus

Wata goma sha ɗaya garinmu na gyangyaɗi.
Sai ruwan Logon ya janye,
gangar Garga ta sauko daga maratayi.

Dudu ta soya ƙosai har ƙullu ya ƙare,
ta ƙirga sefa, ta sake ƙirgawa:
kuɗin rufin ɗaki ya cika.

Ɗana ya zo daga Duwala da farin takalmi,
yana tambayar sunan kifi da Faransanci.
Kakansa ya miƙa masa gora da koma,
bai ce uffan ba.

Da la'asar na hango shi, laka har gwiwa,
rungume da tarwaɗa,
yana ihu da harshen da ya sha a nono.

Gobe motoci za su kwashe baƙi.
Takalmin yana nan bakin gaɓa,
ba wanda ya neme shi.