Gurbi na Takwas

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa sun yi shiru a tasha kamar shanu a turke,
ni kuwa ga fitila, ga shayin da ya huce,
ga ɗan guntun na'ura da na liƙa a ƙarƙashin akwatin maganin Baba.
Ƙwaƙwalwarta ba ta kai cikin cokali ba.
Ta na'urar nake nufi,
ko da yake ta Baba ma ta fara yoyo.

Ba wurin almubazzaranci. Gurbi takwas na samu,
a jere kamar haƙoran mataji,
kowanne amsa biyu kaɗai ya iya:
ɗaya ko sifili,
ya sha ko bai sha ba.
Yau tana zaune a ƙarshen dama,
jiya na gefenta, shekaranjiya na biye,
har kwana bakwai.
Gurbi na takwas ya rage, ban ba shi aiki ba.

Duk tsakar dare sai in tura layin hagu, taki ɗaya.
Yau ta zama jiya ba gardama,
sabon sifili ya shigo ta dama yana jiran safiya,
kwanan da ya fi tsufa ya kai bakin gaɓa.
In ɗauko rariyata, sifili ɗaya da ɗaya-ɗaya bakwai,
in haɗa su da DA:
abin da ke nan kuma ke can, shi ke tsira.
Saura ya bi iska. Ba kabari, ba makoki.

Shekara talatin da huɗu Baldomero Quilodrán
yana jan keken ƙarfen da ke hawa dutsen unguwarmu.
Taragu biyu, igiya ɗaya.
Da na yi masa bayanin ko-wannan-ko-wancan,
wanda ba ya yarda biyu su kunnu tare,
sai ya yi dariya har da tari:
"Wannan ne karatun da na biya wa kuɗi?
In ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa.
Ran da suka haɗu a wuri guda ban da tsakiya,
ki nemi limamin coci."

Ranar Alhamis na'ura ta ce ɗaya, ɗaya, ɗaya,
mako cikakke, ba giɓi.
Na yi murna har na sayo kifi.
Da yamma, ina ba furen taga ruwa,
na tarar da ƙwayoyi bakwai farare a cikin tukunyar,
an shuka su a layi, da kulawa.
Na'ura ba ta yi ƙarya ba.
Buɗe murfi na koya mata gani,
haɗiya kuwa ba ta da ido a kai.
Tambayar da ka yi, amsarta kake samu.

Yanzu da hannuna nake ba shi, da ruwa a kofin shuɗi.
Yakan karɓa ya ce, "Na gode, Herminia."
Herminia uwata ce. Ta faɗa ta bakin hagu
shekara tara da suka wuce.
Nakan amsa. Me zai rage ni?

Amma shekaranjiya, hazo bai gama tashi daga teku ba,
ya riƙe kofin bai sha ba, ya dube ni,
dubawa irin ta da,
ya ce, "Ximena, kin rame."

Daren nan na buɗe aikin na gyara layi biyu.
Bakwai su ci gaba da tafiyarsu.
Na takwas na cire shi daga turawa,
na hana rariya taɓa shi,
na kunna shi da KO,
domin KO ba ta kashe abin da ta tarar a kunne.

Ba abin da ke karanta shi. Ba ƙararrawa, ba saƙo.
Wanda zai gaji aikin nan zai ce kuskure ne,
wataƙila ya share.
Kafin nan dai yana can a ƙarshen hagu,
ɗaya tilo,
kwanaki na wucewa ta gabansa suna faɗawa.